Ku Tambayi Anti: Kumfa, Hypo da Babbar Riga

Salamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, yara huɗu ga maigida, wanki baya ƙarewa. Ruwa wajen 'yan garuwa muke saya, kuma wallahi ɗauraya kaɗai sai ta cinye min jarka uku saboda kumfa ta ƙi fita. Ga atamfofina duk sun koɗe ko shekara basu yi ba. Ina matsalar take?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai kin faɗi matsalar da bakinki, kumfa. Mun taso da tunanin in kumfa bata cika baho ba to kaya basu wanku ba, alhali ba ita ke fitar da datti ba, sinadarin omo ne yake kama maiƙo da dauɗa ruwa ya tafi da su, sauran aikin na jiƙo ne da cuɗa. Wanda ya yi yawa maƙalewa yake a zare, shi yasa kike ta ɗauraya, kaya su bushe da tauri, yara suna susa. Ki rage omon zuwa rabin abin da kika saba, ki jiƙa yunifom da kayan wasan yara kamar minti 20 kafin ki sa hannu, za ki ga bambanci tun wankin farko.

Sannan ruwa ɗaya ya yi miki aiki biyu ko uku. Farare tukuna, sai masu haske, sai masu duhu, safa da tsumma a ƙarshe. Ruwan ɗaurayar ƙarshe kar ki zubar, shi za ki fara wankin gaba da shi, wanda ya yi datti kuma ki wanke banɗaki ko ki yayyafa a tsakar gida kafin shara, musamman da hunturu da ƙura take tashi.

Atamfa kuwa abu biyu ke kashe ta, omo mai ƙarfi da rana. Sabulun wanki na sanda ya ishe ta, ruwan sanyi, ba dogon jiƙo, ki juya ta bai ki shanya a inuwa. Kuma dan Allah ba duk kayan da aka sa aka je suna aka dawo ne sai an wanke ba, ki rataye su sha iska.

Abin da yake damuna, ruwan da muke kwararawa a kwata ba ɓacewa yake ba, da yawansa rafin Kubanni yake gangarawa daga nan ya haɗu da kogin Galma, kuma a bakin ruwan nan masu lambu suke ban ruwa, kayan miyan su dawo kasuwa mu saya. Ga ledojin omo 'yan ƙanana da suke toshe kwata da damina, ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. In da hali ki sayi babba guda ki juye a roba mai murfi, ya fi sauƙin kuɗi ma.

*

Anti ina wuni. Amarya ce ni a Samaru. Ina haɗa Hypo da maganin wanke masai a bokiti ɗaya don banɗaki ya yi ƙal, to ranar nan tari ya sarƙe ni idona na ta ruwa sai da na fito da gudu. Sanyi ne ko me?

Ba sanyi bane amarya, Allah ne ya tsare. Daga yau ki daina, kuma ki faɗa wa duk wadda kika san tana yi. Yawancin magungunan wanke masai akwai asid a ciki, in ya haɗu da bilic irin su Hypo iskar kulorin ce take tashi, guba ce tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a banɗakinmu da taga 'yar mitsitsiya ce. Ko lemun tsami kar ki haɗa da shi, kuma in akwai fitsari a wurin ki kora da ruwa tukuna. In ya sake faruwa ki fita waje ki sha iska, numfashi in ya ƙi daidaita sai asibiti ba jira.

Ban ce ki jefar da Hypo ba, yana da ranarsa, in wani na amai da gudawa a gida ko lokacin kwalara, a surka da ruwa yadda aka rubuta a jikin roba. Amma na kullum sabulu da buroshi sun wadatar. Bawon lemun tsami yana cire farin tabon da ruwa ke bari a kan famfo, toka kuma har gobe ban ga abin da ya kai ta wajen gindin tukunya ba, kakanninmu da ita suka yi aure suka tsufa. Yawan antaya bilic a masai yana kashe ƙwayoyin da suke narkar da ƙazanta a sokawe. Kuma kar ki taɓa juye shi a gorar lemo, yaro gani zai yi ya kafa kai.

*

Hajiya barka da aiki. Ina cikin birni, Kwarbai. Ina da babbar riga ta shadda mai aikin hannu, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa, ina tsoron kai ta wanki.

Amin Malam, Allah ya kai haske kabarinsa. Tsoronka na kan hanya, aska takwas da mutum ya zauna wata da watanni yana ɗinkawa ba a dirje ta kamar zanin gado. Irin wannan sai ta yi Sallah biyu ba ta ga ruwa ba, in an cire a shanya a inuwa, wuya in ya yi maiƙo a goge wurin kaɗai da tsumma da ɗan sabulu. Ranar wanki da hannu, ruwan sanyi, ba a murɗe aikin, sitati kaɗan, kuma ka kai wa masu bugu maimakon dutsen guga mai zafi da yake ƙona zaren. Kar ka adana ta a leda, da damina fumfuna za ta yi, ka naɗe ta cikin tsohon farin zani na auduga.