Tambayoyinku: Tsofaffin gine-ginen ƙasa a Maraɗi da kewaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Zauren gidanmu a Tsibiri kakanmu ne ya gina shi. Bana gindin bangon ya zaizaye, ga tsaga daga saman ƙofa har rufi. Ƴan'uwa sun ce mu shafe shi da siminti mu huta. Mene ne shawararku? Daga wani mai karatu a Tsibirin Gobir.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku dakata da simintin nan tukuna. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Idan aka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta wata ƴar tsaga ba ya samun hanyar fita, sai tubalin ya ruɓe daga ciki alhali waje yana nan sumul. Ƙwanƙwasa irin wannan bango za ka ji yana amo kamar ƙwarya, ran da zai zubo kuwa falle guda yake zubowa.

Fara da neman inda ruwan ke fitowa. Galibi indararo ne ya toshe ko ya gajarta, yana zuba a gindin bango, ko kuma hanya ta yi tudu saboda shara da yashi har ta fi daɓen zauren tsawo. A sa indararon da ya zarce bango da aƙalla rabin mita, a jera duwatsu inda ruwan ke sauka, a gyara ƙasa ta gangara waje.

Sannan gindin. A kankare duk ƙasar da ta yi gari ko ta yi farin gishiri, a kwashe ta nesa, kada a sake kwaɓa ta. A yayyafa ruwa, a cike ramin da tubali da kwaɓi. Kada a buɗe gindin duka lokaci guda: mita ɗaya a gyara, a tsallake mita ɗaya, sai na farko ya bushe a dawo. Kwaɓin kuwa jar ƙasa ce da yankakkiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa, a rufe ta kwana huɗu zuwa mako tana ruɓa ana juyawa. Kafin yaɓe a gwada tafi ɗaya a jikin bango. In ya tsattsage, laka ta yi yawa, a ƙara yashi. In yana zuba da an shafa hannu, yashi ne ya yi yawa. Kaurin kowane shafi kada ya wuce santimita biyu. A ƙarshe a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa.

Tsagar saman ƙofa ta fi ba mu tsoro. Liƙa dunƙulen laka a kanta wuri biyu, ka duba bayan mako uku. In ya rabe, bangon yana motsi, sai a tokare rufin da sanduna, kowa ya daina kwana ciki, a kira magini. A soka wuƙa a kan azara inda ta shiga bango, domin nan gara ke fara ci. Azarar giginya ba ta ɗaukar faɗin da ya kai mita biyu ba tare da baka ko ginshiƙi ba, don haka kada wani ya cire ginshiƙi wai don a ƙara fili. Aikin nan duka na bayan kaka ne, a gama kafin watan Mayu.

Tambaya: Me ya sa Damagaram ke da unguwar Birni mai tsofaffin soraye, mu a Maraɗi ba mu da irinta? Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya.

Amsa: Ƴata, gulbi ne ya ci su. Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi ya ci shi a 1807 sun zauna ne a cikin fadamar Gulbin Maraɗi, Ɗan Kasawa na jagorantarsu. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin, aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da miƙaƙƙun hanyoyi. Sunaye irin su Bagalam, Mokoyo, Limanci da Ƴandaka sun hauro tare da mutanensu, amma ginin bai hauro ba. Damagaram kuwa kan duwatsu take zaune. In tarihi kike nema, fara da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ki wuce fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, sannan tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyansa. Ki nemi izini kafin ki ɗauki hoto a fada.

Tambaya: Zan iya ɗora kwano a kan soro don yoyo?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, in ya zama dole, amma a bar rufin ƙasar a ƙarƙashi, a bar tazarar da iska za ta ratsa, bakin kwanon kuma ya zarce bango sosai. Illarsa ita ce yakan sa a sare zankwaye, kuma da zarar an daina hawa soron duk shekara, gara na aikinta ba mai gani. Yoyon soro yawanci lotsawa ce a wuri guda inda ruwa ke kwanciya. Cike ta da kwaɓi da share bakin indararo ya fi sayen bandir na kwano araha nesa ba kusa ba.