Kada Ka Miƙa Musu Kuɗi

Ɗana,

Na ga hotunan akurkin kaji da katangar da ka yaɓe. Allah ya yi albarka. Ka ce maƙwabta uku ne suka kama maka har aka gama, kana tambaya ko ya dace ka ba su wani abu.

Kada ka ba su kuɗi. Abin da suka yi maka gayya ce, ko da ba ku kira ta da wannan suna ba. Wanda ya zo gayya ka biya shi, ka mai da shi lebura, kuma ka nuna masa ba ka son ya neme ka ranar tasa.

Muna yara, da bazara ta kama sai kowane gida ya shiga gyara kafin ruwan farko. A kwaɓa ƙasa da ramno, wato busasshiyar ciyawa, samari su tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, don ɗanyen kwaɓi tsagewa yake yi. Ranar yaɓe wannan na miƙo curi, wancan na bisa katanga yana shafewa. Bayan nan a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, saboda ruwan sama. Mata kuwa nasu daɓe ne, kowacce da madaɓinta, suna waƙa. Kakanka bai taɓa ƙirga wa kowa ko kwabo ba. Nasa shi ne fura da hantsi, tuwo bayan azahar, sai goro. Washegari kuma ka gan shi a gidan wani, laka har gwiwa.

To, ka sa a yi musu abinci mai kyau, ka bi su gida ɗaya bayan ɗaya ka yi godiya. Ran da ka ji ɗayansu zai ɗora jinka ko zai gyara rijiya, kada ka jira aike.

Mutanen Facebook da suka riƙa ƙarfafa maka gwiwa lokacin da ka yar da aikin, na ji daɗinsu ƙwarai, su ma ka gode musu. Amma ka nemi izinin maƙwabtan kafin ka sa hotunansu, wani ba ya so a gan shi cikin kayan aiki.

Sai kuma akurkin: na ga ya zauna a ƙasa. Ka ɗaga shi bisa duwatsu kafin damina.

Baffanka