Tambayi Likita: Wannan makon na malaman makaranta ne

Tambaya: Likita ina koyarwa a wata firamare a Anguwan Rogo da ke Jos, kullum kafin a tashi muryata ta dishe. Me zan sha?

Amsa: Malama ki yawaita shan ruwa, ki rage ɗaga murya kan yara, ruwan ɗumi da zuma ma ba laifi. In ya wuce sati 3 bai sake ki ba ki je a duba maƙogwaron.

Tambaya: An yi min transfa zuwa wani ƙauye, iyalina suna Rikkos a Jos sai ƙarshen wata nake zuwa. Daga aji sai ɗaki, ba barci, abinci ba ya min daɗi, koyarwar da nake so a da yanzu ko alli ba na son riƙewa. Wani ya ce raunin imani ne, abokin aikina kuma ya ba ni tiramol wai zai sa in ware.

Amsa: Malam don Allah ka ajiye tiramol ɗin nan tun yau, in kuma ka riga ka saba da shi kar ka yanke lokaci guda, ka zo a rage maka a hankali. Abin yana ba ni haushi wallahi, maganin ciwo ne mai ƙarfi da ke kama jiki har ya sa mutum farfaɗiya, amma ana miƙa shi a ofishin malamai kamar goro! Maganin tari mai kodin ma da gwamnati ta hana a 2018 bai ɓace ba.

Batun imani kuwa, ai liman ma yana hawan jini. Wanda ya haura sati 2 ba barci, ba cin abinci, abin da yake so ya fita daga ransa, ciwon damuwa muke fara zargi kuma yana da magani, ka ci gaba da addu'arka amma ka haɗa da asibiti, akwai sashen ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, zuwa wurin kuma ba ya nufin hauka. Na san albashi ba ya kai wata balle kuɗin mota duk sati, to ko kiran waya ne kullum bayan isha'i ka yi da uwargida da yara, ka riƙa zama majalisa bayan la'asar ko ba ka da abin cewa, ka kuma nemi malami ɗaya ku riƙa cin abinci tare. In tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa maka kar ka jira hutun zango, ka gaya wa wani ranar nan ka taho asibiti.

Tambaya: Duk daren da na yi makin takardun yara sai kaina ya yi ciwo, Panadol nake sha kullum.

Amsa: Kullum fa? Je ka a auna jininka a kuma duba idanunka, wataƙila tabarau kake buƙata.