Tabo a jikin sabuwar jita: a mayar shago ko a gyara a gida?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Aboabo a Kumasi. Kwana biyar ke nan da na sayi sabuwar jita ta katako, ba mai lantarki ba, a wani shago a Adum. A shagon ban ga komai ba, sai da na zo gida na ɗaga ta a hasken taga na ga abu uku: wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar yashi a cikin banish ɗin fuskarta, wato fentin sheƙin da ke kan katakon, wani wuri a bayanta da ya yi fari-fari kamar hazo, faɗinsa kamar kwabon sidi ɗaya, sai wani siririn layi kamar gashi a inda wuya ya haɗu da jiki. Sautinta dai lafiya lau. Wani abokina ya ce in goge da man goge baki, wani kuma ya ce in kai wa masu fentin mota a Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame. Me ya kamata in yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye man goge bakin nan tukuna. Jitar da ba ta wuce kwana biyar a hannunka ba har yanzu kana da bakin magana a kanta, amma da zarar ka sa mata samfefa ko wani mai, mai shago zai ce kai ka ɓata, kuma ba ka da ta cewa. Ka ɗauki hoton wuraren uku yau, da rana kusa da taga, sannan ka sake ɗauka da dare da tocila a kwance a gefe, yadda hasken zai shafi fuskar katakon a karkace. Hasken karkace ne ke tona abin da fitilar shago ta ɓoye. Ka tura wa mai shagon ta WhatsApp tare da hoton rasit, don ranar da ka yi magana ta zauna a rubuce.

Cikin abu ukun nan, wanda ya fi tsone maka ido, wato ƙullutun, shi ne mafi sauƙi. Wanda ba a ganinsa sai an duba, layin nan na gindin wuya, shi ne abin bincike, don haka da shi za mu fara.

Tsirkiyoyin ƙarfe shida idan an ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70 ko kusa da haka, dare da rana. A mahaɗar wuya da jiki katako biyu ne suka haɗu, kowanne da yadda yake motsi idan zafi ko danshi ya canza, banish kuma ya hau kansu kamar fata guda. Sau da yawa banish ɗin ne kawai ke tsagewa a wurin, katako da gam suna nan daram. Amma wani lokacin layin alama ce cewa gam ya fara saki. Ga yadda za ka bambance. Tsirkiyoyi na ɗaure, ka gwada cusa kusurwar farar takarda a cikin layin. In ta ƙi shiga ko kaɗan, alama ce mai kyau. Sai ka riƙe jikin da hannu ɗaya, ka ɗan ja kan wuyan baya a hankali, kana kallon layin da tocila: in yana buɗewa yana rufewa kamar baki, mahaɗar ce ke motsi. Daga nan ka ɗauko rula mai milimita ka auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da saman ƙarfen wuya na 12, wato na goma sha biyu cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan in ka ƙirga daga kai. A jita mai lafiya ana samun milimita 2.5 zuwa 3. Ka rubuta abin da ka samu, ka liƙa ɗan tef ɗin takarda a ƙarshen layin ta kowane gefe, ka sake dubawa bayan kwana uku. In layin ya zarce tef ɗin, ko tazarar ta ƙaru, ko takarda ta shiga, wannan ba tabon ado ba ne. Mayar da ita za ka yi a canza maka, kuma kada ka karɓi ragi a kanta komai yawansa, domin cire wuya a sake zaunar da shi aiki ne da kan ci fiye da kuɗin jita mai matsakaicin farashi. Tun da takardar na hannunka, ka gwada ta a ƙarƙashin jaki ma, wato katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, ta gefensa na baya. Nan ma bai kamata ta shige ba.

In layin bai motsa ba, ka bar shi. Kada ka ɗura masa sufagulu. Zai bi layin ya malalo, ya bar maka farin tabo da ya fi na farko muni.

Kafin a taɓa sauran biyun sai an san irin banish ɗin. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai naitiroselulos, tsohon yayi, siriri, kaurinsa bai fi na takarda ɗaya ko biyu ba, wanda Gibson ke amfani da shi har gobe. Akwai kuma foli, wato foliyuriten ko foliyesta, mai kauri da tauri kamar roba, wanda ke jikin mafi yawan jitocin da ake ƙerawa a Sin da Indunusiya, kuma su ne suka cika shagunanmu. Mai yiwuwa taka foli ce. Ana tabbatarwa da ɗigon asiton, ruwan nan na goge fentin farce, a kan tsinke mai auduga, a taɓa wurin da ido ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin ƙarfen murɗa tsirkiya bayan an kwance shi. Naitiro zai yi laushi ya yi danƙo nan take, foli ko gezau. Wannan gwajin sai bayan kun gama magana da mai shago ka yanke cewa jitar ta zama taka.

Farin hazon nan yana iya kasancewa a sama ko a ciki. Ka jiƙa yatsa da ruwa ka shafa. In hazon ya ɓace yayin da wurin ke jiƙe, ya dawo da ya bushe, a sama yake: ko ragowar man gogewa na masana'anta, ko shatin soson leda da aka naɗe ta da shi. Kaya kan daɗe a kwantena cikin zafin teku da na tashar Tema, ledar ta manne da banish ta bar masa shati. Ka fara da tsohuwar singileti mai laushi da ɗan danshi, ka bi da busasshiya. In bai fita ba, ɗigo biyu na man laita, irin na ruwa ba gas ba, a kan tsumma, ba a kan jitar ba. Shi ba ya cin naitiro, ba ya cin foli. Ban da fetur, ban da tina, ban da sifirit. In kuwa ka jiƙa hazon yana nan kamar yana bayan gilashi, to danshi ne ya maƙale a ciki lokacin feshi, ko banish ɗin ya ɗan rabu da katako. A foli babu gogewar da za ta kai can, sai dai a kankare a sake fesawa, kuma a bayan jita, inda cikinka ke rufewa, wannan wahalar ba ta da riba. Ragi za ka nema. Masana'antu da kansu sukan ware irin waɗannan su sayar a farashi mai sauƙi, don haka neman kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba rashin kunya ba ne. In mai shago ya ƙi rage kuɗi, ya haɗa maka da jaka da tsirkiyoyi saiti biyu.

Saura ƙullutun. Ƙura ce ta faɗa a kan banish yana ɗanye, aka fesa wani a kanta. Ka bi wurin da farce a hankali. In farcen ya wuce sumul, ƙurar na can ƙasa, kuma kafin ka kai gare ta ka cinye banish ɗin duka. A bar ta. In farcen ya yi tuntuɓe, ƙullutun ya taso sama, ana iya daidaita shi.

A nan Magazin ke da amfani, amma don sayen kaya. Masu sayar da kayan fentin mota a Suame suna da samfefar ruwa mai lamba 1500, 2000 da 3000, da man fito da sheƙi mai laushi, wanda ake gamawa da shi. Ka tambayi wanda babu silikon a ciki. Silikon, wanda ke cikin yawancin man feshin kujeru da na gaban mota, yana shiga kowace kafa ya hana sabon banish kamawa duk ranar da aka zo gyara. Jitar kanta kuwa kada ta je hannun mai feshi. Ba raini ba ne, sun iya aikinsu, sai dai injin gogewarsu an yi shi ne don ƙarfe: yana ɗaukar zafi, yana iya cinye gefen jita cikin daƙiƙa biyu. Fuskar jita kuma katako ne mai kaurin milimita 3 ko kusa da haka, rawar da yake yi ita ce sautin, in aka lafta masa fentin mota sai muryar ta dushe.

Ka kewaye ƙullutun da tef ɗin takarda, ka bar fili kamar faɗin farcen babban yatsa. Ɗauko sabuwar reza, ka naɗa salatif sau ɗaya a kowane gefen bakinta, ka bar tsakiya kamar milimita 5 a buɗe. Salatif ɗin ne zai hau kan lafiyayyen banish ya hana rezar taɓa shi, sai abin da ya taso kawai za ta ci. Ka tsayar da ita a miƙe, ka ja, kankara ba yanka ba, sau biyar ko shida, ka tsaya ka taɓa. Da ta daina fitar da farin gari, ta gama nata. Sai samfefa 1500 da ta jiƙa minti 15 a ruwa mai ɗigon sabulu ɗaya, ka naɗe ta a kan ɗan guntun roba mai lebur irin ta goge fensir. Da yatsa kawai ba a yi, yatsa rami yake haƙawa. Shafa goma, ka goge, ka duba. Ka koma 2000 ta ɗaya gefen, a gicciye, har zanen 1500 ya ɓace, sannan 3000. Ruwan da ke fita fari ne kamar madara, shi ne banish. Ka ga ya sauya launi, ko wani wuri ya yi duhu yana shan ruwa, ka tsaya nan take, ka kai katako. Daga ƙarshe ka cire tef, ka ɗebi man sheƙi kamar ƙwayar wake a tsumma, ka murza a zagaye minti biyu zuwa uku, ka goge, ka maimaita har sheƙin ya haɗe da na kewaye. In ƙurar ta fita ta bar ɗan rami, a foli ana cike shi da ɗigon sufagulu a bakin tsinken sakace, a bar shi ya kwana, a kankare da rezar, a bi matakan nan. Ko ƙwararre ne ya yi, mai kaifin ido zai ga ɗan zobe a wurin in haske ya faɗo a karkace.

Duk wannan na banish mai sheƙi ne. In jitar irin marar sheƙin nan ce, kada ka goge ta da komai, domin duk inda ka murza zai yi ƙyalli shi kaɗai kamar goshin mai zufa, kuma ba ya komawa. Man goge baki kuwa ba wanda ya san girman garin da ke cikinsa, wani ya ɗan yi aiki, wani ya bar zane.

Ko layin wuyan ya ci jarrabawa yanzu, ka sake auna shi idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu. Jita ta fi son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Daminar Kumasi ta wuce haka nesa, hunturu kuma ya janye shi cikin kwanaki kaɗan, katako ya tsuke, nan ne ƙaramin layi kan nuna ainihinsa. A lokacin ka riƙa ajiye ta cikin jaka a rufe, da soso mai ɗan danshi a cikin gwangwanin sabulu da ka huda wa murfi, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. In gwajin asiton ya nuna naitiro ce, ka wanke hannu bayan shafa man sauro kafin ka ɗauke ta, domin sinadarin DEET da ke cikin yawancinsu narkar da shi yake yi, ka kuma naɗa tsumman auduga a kan robar abin jingine ta.