Yaya, ga dalilin da shirin kawo yaranmu gida ke daɗewa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yara, ya kuma jikin Hajiya.

Kin tambaye ni me ya sa mutanenmu na Amurka, in za su kawo 'ya'yansu gida karon farko, sai su kusan share shekara suna shiri, sannan su iso da jakar magunguna suna kaffa-kaffa da yaran, har wasu a gida na ganin raini ne. Na ji daɗi da kika fito fili kika tambaya, domin maganar ta daɗe tana yawo a bayan idonmu. Gaskiyar ita ce yaron da aka haifa a Bronx, unguwarmu a birnin New York, ɗanku ne ta jini da addini, amma takardunsa da jikinsa na Amurka ne. Ranar da zai zo Kano, a wurin hukuma Ba'amurke ne zai fita ƙasar waje karon farko, kuma duk abin da ke kan irin wannan matafiyi yana kansa.

Ki fara sanin cewa a nan mutum na iya tsufa bai taɓa riƙe fasfo ba. Ƙasar faɗi gare ta, daga New York zuwa California tafiyar kusan awa 6 ce a jirgi, kuma katin shaida kawai ake nema. Har yanzu kusan rabin 'yan ƙasar ne kaɗai ke da fasfo. Saboda haka yaranmu ma sai tafiya ta taso ake nema musu. Ana cike fom ɗin da ake kira DS-11, a kai shi gidan waya ko wani ofishin da aka ba izini, tare da takardar haihuwa da hoto. Na yaro kan ci dala 135, na babba dala 165, sai a jira makonni, mai gaggawa kuma ya ƙara dala 60. Fasfon wanda bai kai shekara 16 ba na shekara 5 ne, na babba na shekara 10. Abin da ya fi ba mutanenmu wahala shi ne dole uba da uwa su bayyana tare da yaron. In ɗayansu ba zai samu zuwa ba, sai ya rubuta amincewarsa a wani fom a gaban jami'in da ke buga hatimin shaida. An yi dokar ne don kada wani ya gudu da yaro bayan aure ya mutu, kuma ni ina ganin doka ce mai kyau, ko da yake macen da mijinta ya koma gida ko suka rabu babu daɗi tana shan fama kafin ta samu hannunsa.

Daga nan sai maganar shiga Najeriya. Fasfon Amurka kaɗai ba ya shigar da yaro, sai da biza. Amma tsarin mulkin 1999 ya ce wanda iyayensa 'yan Najeriya ne shi ma ɗan ƙasa ne ko a ina aka haife shi, don haka da yawanmu fasfon Najeriya muke yi musu a ofishin jakadanci na Washington, ko ƙananan ofisoshin New York da Atlanta. Wannan ma sai an fara yi wa yaro lambar NIN. Sai ki ga yaro da fasfo biyu: da shuɗin, na Amurka, yake fita daga Amurka ya dawo, don doka ta wajabta hakan, da koren kuma yake shiga gida. 'Yan uwanmu Hausawan Nijar da na zangon Accra da Kumasi, waɗanda su ne ma suka fi yawa a unguwarmu, kowa da irin nasa zaryar a ofishin ƙasarsa.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, wato maganar lafiya. Amurka ta kawar da zazzaɓin cizon sauro tun 1951. Yaron da ya tashi a nan jikinsa bai taɓa haɗuwa da shi ba, ba shi da garkuwar da yaranku suka samu bayan sun sha kwanciya suna tashi. Abin da zai sa ɗanki ya kwana biyu yana rawar ɗari yana iya kai nawa gadon asibiti cikin mawuyacin hali. Mu manyan ma tamu garkuwar ta zube saboda daɗewa a waje. Duk shekara ana samun mutum wajen 2,000 da cutar a Amurka, kusan dukansu matafiya ne, kuma mafi yawa irinmu ne da suka je ganin dangi, musamman a Afirka ta Yamma. Bature ɗan yawon buɗe ido yana jin tsoro, yana shan maganinsa. Namu kuwa sai ya ce ai gida zan je, me zai same ni. Ga shi kuma hutun makaranta a New York daga ƙarshen Yuni ne zuwa farkon Satumba, daidai tsakiyar damina, lokacin da sauro ya fi ƙarfi. Ba mu da wani dogon hutun da ya wuce wannan.

Shi ya sa muke kai yara wurin likita tun saura wata guda ko fiye. Ana yi musu allurar shawara, wadda dole ta kwana 10 kafin tafiya, a ba da katin nan mai ruwan ɗorawa da ake dubawa a filin jirgi. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma ba a yi wa jaririn da bai kai wata 9 ba, shi ya sa masu jego kan ɗaga tafiya. Akwai ta taifot, akwai ta sanƙarau ga mai zuwa da rani ko mai wucewa Umra. Sai ƙwayar rigakafin maleriya. Wadda aka fi ba mu, Malarone, ana fara ta kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a sha kullum, a ci gaba har kwana 7 bayan an dawo. To Yaya, in kin ga uwa tana bin ɗanta da ƙwaya kowace safiya alhali lafiyarsa lau, don Allah kada a ce mata ta cika tsirfa. In ta ce ruwan gora kawai zai sha, ko ta hana shi ƙanƙara da zoɓon talla, cikinsa ne bai saba ba, ba ta ce ruwanku ƙazami ne ba. Ku ma da kun zo nan cikin Janairu sai mun naɗe ku da riguna fiye da yadda muke naɗe kanmu. Kuma inshorar lafiyar da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi a nan ba ta aiki da zarar an bar ƙasar, sai mutum ya sayi ta tafiya daban ko ya biya daga aljihunsa.

Kuɗin kansa wani babi ne. Babu jirgin da ke tashi daga Amurka kai tsaye zuwa Kano. Ko dai a sauka Legas a sake hawa, ko a bi ta Alƙahira, Addis Ababa ko Doha, yini da kwana ana hanya. A lokacin hutu tikiti ɗaya yana haura dala 1,000 nesa ba kusa ba, ki lissafa na uwa da yara huɗu. Yawancin mazanmu tasi suke ja ko aikin gadi, matan kuma kula da tsofaffi a gidajensu ko kitso, kuma dokar tarayya ba ta tilasta wa mai kamfani biyan albashin hutu ba, ranar da ba ka fita ba babu kuɗinta. Adashi ne ke kai mu gida. Mace takan roƙi uwar adashi tun farkon shekara a sa mata kwasarta daidai lokacin sayen tikiti.

Da labari ya bazu a masallaci cewa wance za ta gida, saƙo ya fara sauka ke nan. Kowane tikiti yawanci jaka biyu ne, kowace kilo 23, kuma kusan kowane gida akwai ma'auni saboda wannan. Muna da ƙa'idar da ba ma ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk ƙullin da aka kawo sai an kwance shi a gaban mai shi, ko limami ne ya aiko. Babu mai jin haushi, don kowa ya san abin da aka samu a jakarka naka ne a wurin kwastam. Kuɗi kuma in ya wuce dala 10,000 dole a bayyana shi, kuma muna neman sababbin takardun dala 100 a banki saboda 'yan canji a Wapa kan rage wa tsofaffi da ƙanana daraja. Sauran ƙananan abubuwa, irin buɗe waya don ta karɓi layin gida da neman kan caja mai dacewa da wutarku, yaran sun fi mu iyawa.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne shirya yaron kansa. A makaranta an koya masa in babba na magana ya dube shi cikin ido, sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce. An koya masa ya tambayi dalili, ya ce ba ya so in ba ya so. Sai mu zauna muna warware masa: za ka durƙusa ka gai da Hajiya, ba ka miƙa abu da hagu, ba ka kiran Kawu da sunansa, in an kira ka ka ce na'am, in an zuba maka abinci ka taɓa ko ba ka jin yunwa. A Islamiyyar Asabar da Lahadi malamai kan taya mu. Zai yi kuskure, Hausarsa kuma za ta fito a karkace. Roƙona kada a taru ana yi masa dariya ana cewa ya sake faɗa. Na ga yaran da suka je da ɗokin yin Hausa, aka mai da su abin kallo, suka dawo ba su ƙara buɗe baki da ita ba.

Akwai kuma tsoron da ba kasafai suke faɗa mana ba. Manyansu suna karanta gargaɗin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke fitarwa, mai matakai 1 zuwa 4, sun ga an daɗe ana sa Najeriya a mataki na 3, wasu jihohin Arewa kuma a na 4 saboda garkuwa da mutane. Muna gaya musu gaskiyar inda za mu je da hanyar da ba za mu bi ba, shi ya sa kuma ba ma son a yi ta yayata ranar saukarmu. Abin da ya fi wannan damunsu shi ne kada a baro su. Kowane yaro a unguwarmu ya san wani da aka ce masa hutu za a je, aka karɓe fasfonsa aka bar shi wurin kawu don ya yi hankali. Ban ce babu wanda hakan ya gyara ba, amma yaudarar tana barin tabo, kuma ta sa sauran suna ɗari-ɗari da gida. Ni nakan nuna wa nawa tikitin dawowa da ranarsa. Ki ja kunnen masu wasan cewa "ai kin zo ke nan, mun riƙe ki", domin yarinya ba za ta ɗauke shi wasa ba.

In kuma kin ga yara sun iso da uwarsu ko da wata amintacciya, babu uban, kada a matsa da tambaya a cikin taro. Yaro ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa, amma uban wataƙila takardunsa ba su kammala ba, in ya fita ba zai samu dawowa ba. Akwai waɗanda iyayensu suka rasu ba su ga jana'iza ba saboda wannan, turo 'ya'yan shi ne iyakar zumuncin da za su iya.

Sai tsaraba, tunda na san Hajiya. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, haka ɗanyen mangwaro da sauran 'ya'yan itace. A filin jirgi akwai karnukan da aikinsu ke nan, kuma wanda ya ɓoye aka kama shi tarar ɗaruruwan daloli ce. In mutum ya bayyana abin da ya ɗauko, iyakaci su karɓe wanda bai halatta ba. Ki ce mata yaran za su ci kilishinsu a can gabanta har su ƙoshi, abin da za ta ƙulla mana kuwa garin kuka ne da yaji da turaren wuta da atamfa.

Ki gai da kowa da kowa, ki ce wa Hajiya muna yi mata addu'ar samun sauƙi.

Ƙanwarki, daga Bronx.