Yayana zai turo min injin ɗura harsashi daga Amurka, in karɓa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni maharbi ne a wajen Garwa ta Kamaru, ina da kalibar duz (bindigar farauta mai lamba 12) da takardunta cikakku. Kartush, wato harsashinta, yayi tsada sosai, shine yayana dake Amurka yace zai turo min injin nan Dillon XL750 da na'urar dake zuba kwanso da mai ɗora kan harsashi da kanta, in riƙa ɗura kwanson da na harba. Garin albarushin da za a zuba kuma wani abokina yace ba matsala, za mu riƙa farke tsofaffin harsasai muna kwasa. Wallahi hankalina bai kwanta ba, ina da yara a gida. Yaya ake haɗa shi, kuma akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan daidai, ka riƙe shi.

Na farko dai injin da yayanka ya ambata ba na bindigarka bane. XL750 na kwanson tagulla ne, irin na karabin (doguwar bindiga mai cin dogon zango) da ƙaramar bindiga, kartush ɗin kalibar duz mai jikin roba injinsa daban ne gaba ɗaya. To ko ya iso ba abinda zai maka.

Yadda yake aiki kuwa, faranti ne mai gurbi 5 yana juyawa, duk jan hannu ɗaya aiki biyar ne ke faruwa a kan kwanso biyar lokaci guda, na'urar kwanso tana jefo sabo daga sama, ta kan harsashi tana ɗorawa, kai ja kawai kake yi. Saurin ne daɗinsa kuma saurin ne sharrinsa, don idan abu ya maƙale ka ja rabi ka koma, wani kwanso zai iya samun gari sau biyu wani ya wuce babu ko ƙwaya. Wanda babu gari shi ke barin kan harsashi a maƙale cikin bututu, ka sake harbi a bayansa bututun ya tsage. Shi yasa masu hankali a can suke ba da gurbi guda ga na'urar dake duba yawan gari, amma mai ɗora kan harsashi ita ma gurbi take ci, sai kaga mutum ya cire mai dubawa don ya ƙara sauri. Su kansu can ba a fara koyo da wannan, da mai gurbi ɗaya ake farawa, da sikeli da littafin awo na kamfanin da yayi garin.

Sannan doka. Dokar 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ita ke tafiyar da makamai da harsasai a Kamaru, kuma takardar riƙe bindigar farauta da kake da ita bata baka izinin ƙera harsashi ba. A wannan yankin namu da halin da ake ciki tun da Boko Haram ta taɓa Arewa Mai Nisa, ka tuna jandarma ya shigo gidanka ya tarar da injin fitar da harsashi ɗari ɗari, wane bayani zaka masa? Ni ma ina jin haushin yadda takarda ɗaya ke kai mutum ofis uku wata da watanni, amma haushin ofis baya hana ɗauri.

Yanzu maganar abokinka, wadda ita ta sa na zauna rubuta wannan. Wannan zancen na wai gari gari ne, albarushi albarushi ne, kullum sai naji shi a shagona kuma wallahi na gaji da shi. Ba ɗaya bane. Albarushin gargajiya da kakanninmu ke ɗura wa bindigar toka abu ne daban, garin dake cikin kartush na kanti kuma garin zamani ne marar hayaƙi wanda wani Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, ƙarfinsa ya ninka na gargajiya nesa ba kusa ba. Kuma shi kansa na zamanin iri iri ne barkatai, wani yana cin wuta nan take wani a hankali, na kalibar duz mai saurin ci ne na karabin mai jinkiri, a ido kuwa duk baƙi baƙi ne ko toka toka, ba mai kallo ya gaya maka sunansa, ni da na shekara ina taɓa bindiga ban isa ba balle abokinka. Kartush na kalibar duz (12/70) iyakar matsin da aka yarda masa a ma'aunin Turai bar 740 ne (bar shine awon matsi), harsashin karabin .375 H&H da ake bin ɓauna da shi a dazukan farauta na wajen Benuwe da Faro kuwa bar 4300. Dubi tazarar. Ka cika kwanson karabin da garin kalibar duz, abinda ka kanga a kumatunka ba bindiga bace kuma. Ka zuba garin kanti a bindigar maƙera da aka yi da bututun ruwa, nan ma hakanan.

An taɓa kawo min wata bindiga bututunta ya buɗe kamar ɓawon ayaba, yaron dake riƙe da ita bai kai ashirin ba, yatsu uku na hannun hagu suka tafi, ido ɗaya ma sai da aka yi ta fama a asibiti. Garin da ya farke daga harsasai kala biyu ya gauraya, ya auna da murfin kwalba. Abinda yafi ƙona min rai, ubansa ya zo yana cewa jifa aka yi musu, har ya kai kuɗi wajen wani mai magani ya ɗaura wa sabuwar bindigar laya. Wane jifa? Murfin kwalba ne ya cire masa yatsu. Su masu cewa sun shekara goma suna haka ba abinda ya same su, ƙarfe yana gajiya ne a ɓoye, ranar da zai saki baya sallama. Ga tsohon harsashin da ya sha zafin Garwa na watan Afrilu sama da digiri 40 shekara bayan shekara, garin cikinsa yana lalacewa, babu wanda ya san yadda zai ci wuta.

Tunda ka ambaci yara, ƙurar darma dake fita daga tsofaffin kwansuna guba ce ga ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, kar ka bari su yi wasa da su ko su sa a baki.

Ka kira yayanka yau kace ya dakata. Kuɗin injin da na jirgi da na duwan (kwastam), ya turo maka su ka sayi kartush a shagon dake da lasisi, da rasit, daidai adadin da takardarka ta yarda. In kuma akwai garin da abokin naka ya riga ya farke ya tara a gwangwani, kar ya shigo maka da shi gida.