Filin bakin tafkin Nguru

Malam, ka tambaya ko za ka iya cike filin da aka yi maka tayi a bakin tafkin Nguru ka gina masauki. Kada ka saya. Tun shekarar 2000 tafkin yake cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kiyaye dausayi, ta ba kariya, kuma fadamar gefensa ce wurin da kifi ke ƙwai, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu suke kiwo.

Kusa da ruwan nan na girma. Busasshen filin da ka gani da rani, ruwa ne zai kwanta a kansa idan kogin Haɗeja ya cika bayan damina. In ka zuba ƙasa, ambaliyar za ta koma gonakin maƙwabta. Nemi fili a tudu, sannan ka tabbatar da takardunsa a ofishin filaye na jihar Yobe kafin ka biya ko sisi.